Ƙarfe Huɗu a Badulla

Ni ne Tilakasiri, mai keke ƙafa uku.
Ƙofar asibitin gwamnati nake tsayuwa,
Gindin mangwaron da birai suka gaje.
Shekara tara ke nan,
Ƙarfe huɗu bai taɓa riska ta a wani wuri ba.

Da ta buga, sai ga Likita Dilrukshi,
Farar riga naɗe a hammata.
Tun hantsi ta ga mutum ɗari da ashirin,
Kowa minti biyu, kunne na ji, hannu na rubutu.
Shinkafar da ta ƙunso a ganyen ayaba
Har yanzu ba ta kwance ba.

A bayana take ci, bisa cinya, keke na rawa.
Loma biyar, sai barci ya sace ta.
Ni kuwa in bi ramuka a hankali
Kamar mai dakon ƙwan da ba nasa ba.

Mil biyu ne kacal zuwa ɗaya gidan.
Can akwai sanyi, akwai kifi a gilashi,
Kujera mai laushi, bene mai sheƙi,
Rufi dubu uku kafin a ce maka sannu.
Hannun nan ne dai na safe,
Sai dai a nan agogo bai kore ka ba.

Masu zaginta a layi ina jin su:
Wai da safe tana cicciji, da yamma fara'a.
Ni da ke kai ta banki ƙarshen wata,
Na san albashin ba ya kai sha biyar.
Na san ubanta na kwance, ƙoda ta gaza.
Abokan karatunta sun haye jirgi ɗaya bayan ɗaya,
Ita ce ba ta tafi ba.

Sai tari ya kama tsohuwata, Ranmenika,
Wadda ta tsinki ganyen shayi har yatsu suka kanne.
Ta sauko daga tudu tun duhu bai yaye ba,
Aka ba ta lamba ɗari da talatin da ɗaya.
A ɗari da ashirin aka ja taga.
Mako ya zagayo, ta dawo da laimarta,
Nan ma layi bai kai kanta ba.

Na jinginar da 'yan kunnen matata.
Na sauke likita, na juya, na ɗauko tsohuwa,
Muka zauna muna kallon kifi.
Da muka shiga ta ɗago kai, biro ya tsaya.
"Tilakasiri, kullum ina bayanka,
Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Me zan ce?
Mai barci da loma a baki,
Ta ina za ka ɗora masa wani kayan?

Ta saurari ƙirjin tsohuwa, ta daɗe tana ji.
Ta yafe nata kason,
Na masu ginin kuwa ya riga ya shige aljihun tebur.
Ta ce, "Alhamis ka kawo ta ɗaki na bakwai,
Ku biyo ta ƙofar baya,
Ba sai kun karɓi lamba ba."

Alhamis muka bi ta baya.
Yau tsohuwa na barci, tarin ya lafa.
Amma ni direba ne, na san lissafin kujera:
In mutum ya shiga, wani ne ya sauka.
Ranar, a ɗari da sha tara aka ja taga.

Da na fito tayar da keke,
Wata mata na zaune a dakali,
Yaro a kafaɗa, takarda a tafin hannu,
Ruwa na shirin sauka daga kan duwatsu.
Na yi ta goge madubin da ba shi da datti
Har huɗu ta buga.
Ban iya duban lambarta ba.