Farashin Teku

A Moynak, teku ya tashi ba sallama.
Ba dare ɗaya ba. Taki-taki ya ja da baya
kamar wanda ake bi bashi,
har muka wayi gari jiragenmu na zaune kan rairayi,
tsatsa na cin su, raƙuma na shan inuwarsu.
An ce auduga ce ta shanye kogunan tun a hanya.
Ni Otegen, shekarata talatin a lokacin, da sabon taru.

Bana jikata Aysulu ta ɗora mini waya a tafi.
"Danna nan. Riƙe. Saki."
Sai ga ruwa, ya fi duk wanda na taɓa shiga shuɗi,
faɗinsa bai wuce kwalin ashana uku ba.
Fatsa ta lula. Waya ta yi makyarkyata.
Wani abu a ƙasan haƙarƙarina, da na ɗauka ya daɗe da mutuwa,
ya fizga tare da ita.

Kifin farko, sulalla goma sha biyu.
Suka zubo ƙyal-ƙyal a kusurwar gilashi.
Na ce, a ina ake karɓa?
Ta yi dariya har shayinta ya fantsama.
Ba sa sayen gurasa a shagon Bibigul,
ba sa sayen maganin tarin da iskar gishiri ta bar mini.
Tana suke saye, da zare mai ƙwari,
da hula ga ɗan mutumin da ke tsaye a madadina,
wanda bai san sanyi ba, bai san ciwon gwiwa ba.

Kwana biyu ina raina abin.
Kifi ba ƙarni, ba ƙaya, ba ɓawon da ke manne wa gemu,
ai rogo ne ake wa kallon kitse.
Rana ta uku, ni na tashe ta da asuba ina cigiyar caja.

Ita akwai gaggawa: ta samu, ta kashe,
sandar zinare, kwale-kwale mai fitila.
Ni kuwa na iya jira, shi kaɗai sana'ar ta bar mini.
Ina barin babba ya gajiyar da kansa,
in sassauta, in ja, in sassauta,
yadda marigayi Jumabay ya koya mini
a daidai wurin da motocin baƙi ke tsayawa yanzu.

Wani dare na ga kwaɗo rataye a gefen taswira.
Aysulu ta karanta: Sabon teku, sulalla dubu tara.
Na ce ta maimaita.
Dubu tara.
Shekara arba'in da ɗoriya
baƙi na zuwa ɗaukar hoton ƙasusuwan jirage,
masana na auna ƙasa suna kaɗa kai,
ba wanda ya taɓa faɗa mini kuɗinsa.

Daga ranar na tsuke bakin jaka.
Ba hula, ba fitila, tana ma mafi araha.
Dubu biyu. Dubu huɗu da ɗari shida.
Ta ce akwai ratse, a zuba som na gaske a buɗe shi yau.
Na ce bar shi.
Tekun da ba ka yi wa gumi ba, ba zai san sunanka ba.

Jiya, a dubu takwas da ɗari tara,
wani mai gashin baki ya haɗiye ƙugiya,
irin na da, mai nauyin ɗan maraƙi.
Ina ja, yana ja,
sai gilashi ya yi baƙi ƙirin.
Ba kowa ciki sai wani tsoho, baki buɗe.

Na taɓa ganin ruwa ya tafi,
na tsaya da taru a kafaɗa, ban san wa zan kira ba.
Wannan karon na miƙe, gwiwa na ƙara,
na laluba bango cikin duhu,
na jona shi.
Kashi ɗaya. Kashi biyu.
Ga ni zaune a gaɓa, ina jira ya kawo.