Shekara Shida da Katantanwa

Dosiyen farko ya dawo mini saboda tambur guda.
Madam Gambi ta ɗaga shi da yatsa biyu
kamar wadda ta tsinci ƙuda a miya,
ta ce, Koma meri su buga hatimi.
Sau bakwai na haye gada zuwa Harobanda a watan nan,
jika biyu ƙulle a bakin zane,
har mai faba-faba ya daina tambayata inda za ni.

Suka ce in rubuta dalilina.
Me zan ce? Cewa ƙanena Illa ya yi fitsarin jini
yana ɗan shekara tara, a bakin tabkin garinmu,
manya na dariya wai yaro ya zama namiji?
Ban rubuta haka ba.
Na rubuta Faransanci mai santsi, wanda ba ya zubar da jini.

Suna ya fito a bango, layi na sha ɗaya:
Tsahara, an cinye harafi guda. Na yafe.

Daga nan sai katantanwa.
Asuba a fadamun shinkafa na Saga,
takalmin roba har gwiwa, rariya a hannu,
manoma na kallon mai digiri tana gasa da agwagi.
Sumana mai kula da labo ya koya mini abin da babu a littafi:
riƙe numfashi in ana ɗiga ruwa a bututu,
lallashin inji kamar jaki mai gardama.
Ranar da na fara ganin ƙwan tsargiya a madubi,
da ƴar ƙayarsa a gindi,
na ce masa, Ashe kai ne.

Shekara ta uku, cikin Afrilu,
kuran ya ɗauke kwana biyu, janareto ba mai.
Na buɗe firigo, ɗumi ya tarbe ni.
Samfur ɗari huɗu da sha biyu,
kowane da lambar yaron da ya miƙo mini kofi yana sunkuyar da kai.
Na zauna a ƙasa. Ban ma yi kuka ba.
Farfesa Tankari ya leƙo, ya cire tabarau, ya mayar,
ya ce, Gobe ƙarfe bakwai.
Na tsane shi har Magariba.
Gobe ƙarfe bakwai ina nan.

Kuɗin karatu kan zo kamar baƙon da bai san kwatance ba.
Na ci kopto bashi, na sayar da ɗan kunne.
Wani alƙali a wata ƙasa, wanda ban san fuskarsa ba,
ya mayar mini da rubutu sau uku
kan tambayar da, wallahi, gaskiyarsa ce.
Inna a waya daga Tawa: Wai karatun nan ba shi da gindi?
Na ce, Saura kaɗan.
Shekara biyu ina cewa saura kaɗan.

Ranar kare aiki fanka na juyi da ƙyar.
Mutum biyar cikin manyan riguna, ruwan gora a gabansu.
Inna a layin gaba, ba ta jin ko kalma,
tana gyaɗa kai duk inda na tsaya.
Illa a can baya, baƙin man gareji a farcensa.
Da hoton ƙwan ya cika bango
sai na ga ya gyara zama.

Suka fita, suka dawo, muka miƙe.
Aka kira ni dokta.
A waje, kafin a buɗe kular dambu,
Inna ta kama hannuna ta ɗora a gwiwarta:
To likita, nan ne ke ciwo.
Na ce, Inna, ni ba irin wannan ba ce.
Ta ce, Taɓa dai.
Na taɓa.

Washegari na riga Sumana zuwa.
Katantanwa ba su ji labari ba,
suna manne da gilashi, suna jiran ganyen salati.