Ƙafar da Ta Fi Kyau

A birnin Hull, daren Lahadi,
tsohuwa Edna Thackray ta ɗora shayi,
ta zaunar da ɗan hayarta Tesfalem,
wanda gobe zai je neman aikin gyaran bas.

Ta ce, "Mu nan muna da wata magana:
ka sa ƙafarka mafi kyau a gaba."
Ya leƙa ƙarƙashin tebur.
Ta hagu ta karye tun yana yaro a Keren,
ta ɗoru a karkace, har yau tana jan ƙasa.
Ta dama garau take, sai dai takalminta ya huje.
Ya ce, "Wacce ke nan a ciki?"
Edna ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta.
"Ba ƙafar tafiya ba, ɗana.
Abin da ka fi iyawa, shi za ka fara nunawa."

Ta ƙara masa da wata:
"In ka shiga, ka fasa ƙanƙara."
Wai shirun nan da kan daskare
tsakanin mutum biyu da ba su san juna ba,
shi ake bugu da 'yar magana har ya tsage.
"Ka yi zancen ruwan sama.
Mu ba ma gajiya da shi."

Ya rubuta a bayan takardar kuɗin wuta.
Ya ce, "Harshenku duk ƙafa ne da sanyi."
Ta ce, "Garinmu ma haka."
Ta ɗauko laktayen marigayi mijinta,
shuɗi, mai warin akwati,
ta ɗaura masa sau uku kafin ya zauna daidai.

Litinin ta waye da jaura.
A ƙofar garejin ruwa ya kwanta ya daskare,
sumul kamar faranti.
Tesfalem ya gyara wuya, ya tuna darasi,
ya miƙa ta dama, lafiyayyar,
ita kuwa ta ci amanarsa.
Tim!
Takardu suka watse, ƙanƙara ta dare gida huɗu,
ruwan sanyi ya shige masa wando.

A bakin ƙofa shugabar gareji, Moira Pickersgill,
tana tsaye da kofi a hannu.
Ba ta ce ba, bai ce ba.
Ga shirun da Edna ta faɗa, ya zo da kansa.

Daga ƙasan ya ɗaga kai:
"An ce in fasa ƙanƙara.
To, ga ta nan."

Kofin ya kusa suɓuce mata.
Faɗuwa ta zo daidai da zama.
Ta miƙa hannu ta tashe shi,
ta ji kantar sifana a tafinsa.
Can gefe wata bas tana tari,
ya karkata kunne, wando na ɗiga,
ya ce, "Bel ɗin waccan ya saki."
Moira ta dube shi, ta dubi bas ɗin,
ta ce a kawo masa tawul.

Da yamma laktaye na shanye a jikin hita.
Edna ta ce, "To, wace ƙafa ka sa a gaba?"
Ya ce, "Babu ko ɗaya, Mama.
Da mazaunai na shiga."

Sun ce za su kira ranar Laraba.
Ya ajiye wayar kusa da butar shayi,
ya zauna yana like hujin takalmi.