Bukkar Baba Mato

A Rijiyar Zaki, ba zaki, ba rijiya,
sai bulo a kan bulo da rodi tsaitsaye.
Nan Baba Mato ke gadin kangon wani attajiri
da bai taɓa gani ba, sai ƙeyar motarsa.

An ba shi ɗakin bakin ƙofa, siminti da kwano.
Kwana ɗaya ya yi, ya ce ɗakin kurma ne,
ba ya jin sawun kowa.
Washegari ya saro rassan dalbejiya huɗu,
ya kafa su bayan tulin yashi,
ya tanƙwaro kawunansu suka gaisa,
ya ɗaure da wayar da leburori suka yar.
Gamba ta yi nisa, buhun siminti ya zama jinka.

Na ce, Baba, ƙofar ta yi ƙasa.
Ya ce, da rusunawa ake shiga bukka,
daji ba ya son mai ɗaga kai.
Na ce, don me ta juya wa titi baya?
Ya lashi yatsa, ya miƙa sama:
Daga can iska take tasowa.
In warinka ya riga ka isa, gada ta tafi.
Ɓarawo ma ɗan daji ne.

Da dare yakan hura 'yar wuta,
ba kirya, sai guntayen katakon kafinta.
Ya jingine gora inda dā kwari da baka ke kwana,
ya dinga kiran bukkokinsa kamar mai lissafa 'ya'ya:
ta gindin kanya a Falgore, wadda gara ta cinye,
ta bakin rafi, inda Ɗan'azumi ya kwana uku da masassara
hayaƙin bandar gwanki na yi masa bargo,
da ta kan dutse, wadda kura ta kewaya har asuba
karensa Duna na kyarma a tsakanin ƙafafunsa.
Ba wadda ya taɓa yi wa ƙyaure.
Bukka, in ji shi, ba ta mai kafa ta ba ce,
ta wanda dare ya riska ce.

Ran da ruwan Agusta ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya
na tarar da su uku a ciki, gwiwa na gugar gwiwa:
ɗan garuwa, da mai adaidaita da injinsa ya mutu, da Baba,
suna ɓara goro ɗaya.

Yanzu an shafa fenti, an kafa ƙofar ƙarfe.
Saƙo ya iso: a kwashe tarkacen nan kafin Juma'a.
Bai ja ba. Maharbi ba ya auren wuri.
Ya naɗe buzu, ya saɓa gora,
har ya kai titi, sai na ga ya dawo,
ya rusuna, ya soke ƙullin gishiri
da tsinken ashana uku a cikin rufin.

Na ce, Baba, gobe fa za a rushe ta.
Ya ce, yau da dare fa?