Ɗan Aiken da Bai Taɓa Zuwa Dole Ba

Ƙarfe biyu na dare a Birni,
duwatsu suna biyan zafin da suka ranta da rana,
ni kuwa ina gaban kwamfuta
ina ƙirga kurakuran ɗan aikena.

Ba shi da ƙafa, ba shi da hula.
Bai taɓa kutsawa Kasuwar Dole ranar Alhamis ba,
bai san nauyin tiya a hannu ba.
Iyakar saninsa abin da na rubuta masa:
kayan aiki uku na ƙungiyar masu hatsi,
kowanne da ɗan bayani a goshinsa.

Tambaya arba'in na shirya masa,
irin waɗanda mata ke aikowa ta salula.
Ya ci ashirin da uku.
Sauran sha bakwai suna kallona
kamar awakin da aka manta ba a ba su dusa ba.

Ta tara: gero nawa ya rage a sito?
Sai ya tafi ya kawo farashi.
Na buɗe baki zan zage shi,
idona ya faɗa kan rubutuna:
"Wannan yana duba hatsi."
Na biyun ma, "Wannan yana duba hatsi."
Tagwaye na haifa, na sa musu riga ɗaya,
ina fushi don baƙo bai bambanta su ba.

Ta sha huɗu ta fi ciwo.
Inna Cima ta ce dala ɗari take da ita,
shi ya ji faranka ɗari,
ya sallame ta da cewa kuɗinta ba su kai ba.
Wa ya gaya masa dala biyar ce a bakinmu?
Ba ni ba.
Na ɗauka kowa da saninta aka haife shi.

Nan na tuna rumfar babana,
Mutari baduku, bakin ganuwa,
da warin jima da ke bin mu har cikin tuwo.
Yakan ce, "Miƙo min abin nan,"
idonsa na kan fata.
Shekara ashirin Lawali na miƙa masa daidai,
domin ya san tarin maigida, ya san shirunsa.
Ranar da sabon yaro ya zo
aka ce abin nan, ya miƙo almakashi,
ana neman basilla.
Baba ya ɗaga hannu,
sai ya sauke shi a hankali kan gwiwarsa.
Ya ce, "Siririyar, mai kaifin baki,
wadda ke huda, ba ta yanka."

Na goge, na sake.
Wannan yana faɗin abin da ke cikin sito, da tiya, ba da buhu ba.
Kada ka taɓa shi in kuɗi ake tambaya.
Wancan na farashi ne, da faranka yake magana;
in an ce dala, ninka biyar.
In ba a faɗi ƙauye ba, kada ka ƙaga, tambaya.
Har na zarce, na cika masa shafi guda,
ya ruɗe kamar wanda mutum goma suka yi wa kwatance.
Na dawo na rage.
Gishiri ne ashe.

Na sake aikensa sau arba'in.
Talatin da tara.

Saura guda, ta wata tsohuwa daga Mirriya:
"Ɗana, ko akwai sauƙi bana?"
Ya tsaya tsakanin kayansa uku
bai ɗauki ko ɗaya ba.
Ban sa masa jan alƙalami ba tukuna.
Ni ma ban san ko farashi take nufi ba,
ko ruwa,
ko ƙafarta.

Wuta ta ɗauke.
A waje, mai garuwa na farko ya wuce,
ƙafar kurarsa tana kuka.