Bayan "Daga"

Daren Talata a Glasgow, ruwa na dukan taga,
mu tara a ajin dare, rigunan sanyi a jiƙe.
Malama Morag Tennant ta ɗauki alli
ta rubuta kalma guda: extort.

Ta ce daga Latin ta fito,
gutsure biyu aka ɗinke: "waje" da "murɗa".
Ta tsamo tsumman allo daga bokiti,
ta kama shi hannu biyu, ta murɗe
har ruwa ya ɗiga kan takalminta.

Kun gani? in ji ta.
Ɓarawo yana so ka yi barci.
Wannan kuwa idonka biyu yake so,
kana ji, kana gani,
da hannunka za ka miƙa,
wataƙila har ka yi godiya.

Kuɗi ake murɗowa, ko alkawari,
ko amsa laifi a ɗakin da ba shi da agogo.
Amma ku kiyaye nahawu:
abin da aka samu shi ke bin aikatau,
mutumin sai bayan "daga".

Calogero, mai suyar kifi da dankali a Partick,
tun shigar sanyi bai ɗaga hannu ba.
Ranar ya ɗaga, da tabon mai a wuyan hannun.

Ya ce, ubana mai gidan burodi ne a Palermo.
Ƙarshen kowane wata mutum biyu za su shigo,
da fara'a, takalma na sheƙi,
su tambayi lafiyar uwata,
su yaba tanda,
su ce gobara ba ta sallama.
Shi kuma ya naɗe ambulan a takardar burodi,
har da ƙarin biredi biyu masu zafi.
Shekara ashirin da biyu.
Malama, kuɗin ba su ji ciwo ba.
Ubana aka murɗa, shi ya tsotse.
Don me nahawunku ya tura shi baya?

Aji ya yi tsit,
sai bututun ɗumama ɗaki na ƙas, ƙas.
Malama ta dubi tsumman hannunta,
ta warware shi, ta shanya a kan bututun,
tana shafa shi da tafi.
Tamojin bai kwanta ba.

Aikin gida: jimla uku.
Mako na gaba Calogero ya kawo ɗaya,
sunan ubansa, Gaspare, a farko,
kalmar na biye da shi a karkace.
Jan biron Malama ya daɗe a kan takardar,
bai sauka ba.