Dangwale Arba'in da Ɗaya

Teburina ƙafa uku gare shi, ta huɗun bulo ne,
a gindin bangon masallaci, bayan kasuwar Ebute Ero.
Sule guda nake karɓa in mai da kuka Turanci.
Ran nan da kwano suka zo,
kwabo-kwabo, sisi-sisi, har anini mai huda,
suka zazzage a gabana:
Akawu Jatau, rubuta wa Majalisa.

Cindo mai goro ya fara.
Huhu goma sha tara, ɗan Gwanja,
ran Laraba ya sauka daga jirgi,
ran Juma'a duba-gari suka ce ɓeran annoba ya kwana a ciki.
Kananzir suka kwara.
Ganyen ma ɗanye ne, da ƙyar ya yarda ya kama.
Na rubuta: fam talatin da takwas.

Saje Nomau ya kwance tsumma,
lambobi uku suka faɗo, duk sun yi tsanwa.
Ya ce: da ƙafa biyu na shiga musu daji,
da wannan na fito.
Da fanshona na sayi kwanon rufin da suka ɓamɓare.
Na rubuta: fam goma sha biyu.
Takarda ba ta da gurbin ƙafa.

Iya Abeke ta zo da Hausarta ta kasuwa,
ta ce gatari bai tambayi yaren kowa ba,
a sa tukwanen rininta.
Na sa.

Tasalla mai tuwo ba ta zauna ba.
Akwai lemun tsami a tsakar gidana, in ji ta,
a gindinsa aka binne cibiyar 'ya'yana huɗu.
Biyu ne suka tsaya.
Nawa ne wannan, Akawu?
Alƙalami ya daɗe a sama har tawada ta ɗiga.
Na rubuta: bishiya ɗaya, sule biyar.
Allah ya yafe mini.

Da na karanta musu kan takardar,
"Mu bayinku masu tawali'u,"
Saje ya buga sanda.
Bayin wa? Ubana da wuri ya fanshi kansa,
zambar ɗari biyu, ina yaro na taya shi ƙirga. Goge!
Na ce: Baba, ƙofar ce gajeriya,
sai an sunkuya ake shiga.
Ya dube ni har na ji kunyar wandona mai guga,
sannan ya miƙo babban yatsa.

Dangwale arba'in da ɗaya,
kamar sawun awaki a bakin rijiya.
Muka rako ta har bakin Marina,
masinja mai jar dara ya karɓa da yatsu biyu
yana duban jiragen ruwa.

Damina ta sauka, ta ɗauke, ta sake sauka.
Inda gidajen suke an shata titi,
har an kafa masa fitila.

Amsa layi uku ce.
An karanta. An gode. An ajiye a kan tebur.
Saje ya ce: wane irin tebur ne wannan?
Na ce ban taɓa gani ba,
amma na san ƙafarsa huɗu cif.

Cindo bai ji amsar ba.
Bashin uban gida ya kore shi Agege,
can tari ya ƙarasa shi.

Jiya da hantsi na ji ƙarar kwano.
Talatin da bakwai suka rage.
Tasalla ta jawo ɗanta Kyauta, gemu ya fara tsiro masa,
ta ce yatsansa ya isa.
A hannunta gwangwanin madara,
ɗan tsiron lemu a ciki, ganye biyu.

Na fere sabon alƙalami.
Saje ya jingino da kafaɗata, shi da bai san baƙi ba,
yana gadin layin farko.
Na rubuta "Mu".
Na tsallake gurbin kalma uku,
na fara jero sunaye.